Juyen baƙin mai a gida: yadda za ka yi wa motarka sabis da hannunka

Tun da maƙwabtana a unguwar Fadamar Mada da ke Bauchi suka saba ganin ƙafafuna a waje, sauran jikina a ƙarƙashin mota, tambaya ɗaya ake yi mini a majalisa da ƙofar masallaci, wasu har ta waya: wai da gaske mutum zai iya yi wa motarsa juyen baƙin mai ba tare da ya je gareji ba? Zai iya. Ni ba bakanike ba ne, ma'aikaci ne mai son taɓa ƙarfe ranar Asabar, kuma aikin ba ya cin mini awa ɗaya.

Amma kada ka shiga don kuɗin aiki, abin da za ka tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Ribar ita ce ka san abin da ya shiga cikin injinka. Kai ka sayo man, kai ka fasa murfin galan, kai ka ɗaure noti. Da Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 zan yi misali, don ita ce tawa kuma ta cika titunan Bauchi. Inda wata mota ta bambanta zan faɗa.

1. San man da injinka yake sha

Buɗe bonet ka dubi murfin wajen zuba mai. A yawancin motocin da suka fito daga Amurka an rubuta lambar man a jikinsa. Corolla irin tawa 5W-30 take sha. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, 5W-20 aka rubuta mata. In rubutun ya goge, nemi littafin motar, ko ka sa samfurinta da shekararta a intanet.

Lambar farko mai W tana nuna yadda man yake gudana lokacin da inji yake da sanyi, kamar asubar hunturu a watan Janairu. Ta biyu kuma kaurinsa ne bayan inji ya ɗau zafi. Kusan duk shagon da ka shiga za a miƙo maka 20W-50, a ce maka ai ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi. Maganar ta yi daidai a kan tsohuwar Peugeot 504 da injunan zamaninta. Inji mai VVT-i ko i-VTEC, irin na Toyota da Honda na zamani, kuwa da matsin baƙin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta wasu 'yan siraran hanyoyi, kuma mai kauri yana jinkirin isa can idan an tayar da mota. A wannan ɗan lokacin ne ƙarfe yake cin ƙarfe. Idan injinka ya tsufa har yana shan mai, kana iya hawa mataki ɗaya, daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40. Tsalle daga 5W-20 zuwa 20W-50 ba gyara ba ne, rufa-rufa ce.

Sai ka duba bayan galan ka nemi haruffan API, masu nuna matakin ingancin man. Na motar fetur da S suke farawa: SL na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Na baya yana maye gurbin na gabansa, saboda haka motar da aka ce ta sha SL za ta sha SN lafiya lau. Wanda ya fara da C na injin dizal ne.

2. Saye, da abin da za ka kashe

A nan ake cutar mutane, ba a ƙarƙashin mota ba. Jabun baƙin mai ya yi yawa: a tace tsohon mai, a ɗura a galan mai kyau, a manne murfi. Saya a gidan mai na kamfanin da ke yin man, ko wajen dilan da aka san shi da shago ba tebur a bakin titi ba. Mobil, Total, Oando da Ammasco na Kano duk ana samunsu. Dubi zoben murfi, kada ya zama a karye ko da alamar gam. Dubi rubutun jikin galan, na jabu yakan yi dishi-dishi. Wanda aka haɗa a Najeriya ya kamata ka ga tambarin hukumar SON a jikinsa. In farashin ya faɗi ƙasa da na ko'ina, ajiye ka yi gaba, araha ba ta ado.

Gargaɗi: kada ka sayi man awo, wanda ake ɗebowa daga duro a zuba maka a gorar ruwa. Ba ka san sunansa ba, ba ka san lambarsa ba.

Farashi ya ƙi zama wuri ɗaya tun 2023 da aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira, don haka tambayi shago biyu ko uku a kasuwar Wunti ko wajen kasuwar Muda Lawal kafin ka zaro kuɗi. Lissafin dai haka yake: man ne yake cinye mafi yawan kuɗin, filta da washa 'yan kaɗan ne a kansa. Man sintetik ya fi na gama-gari tsada sosai, amma ya fi jure zafin watan Afrilu. Corolla da EOD kowace tana shan wajen lita 4 ne ko da ɗan ɗoriya idan an canza filta, saboda haka galan mai lita 5 ya fi mai lita 4 riba. Ragowar ka ajiye a but don ciko.

Kada ka yi rowa a filta. Ɗauki ta kamfanin motar ko wata sananniya, ka leƙa cikinta, ka tabbata robar bakinta tana da laushi ba ta bushe ba. Sannan ka ce a ba ka washar notin juye mai. 'Yar zobe ce ta alminiyam ko tagulla, ta fi komai araha a cikin kayan, kuma ita aka fi mantawa.

3. Kayan aiki

Saye ɗaya ne. Sifana mai zobe ko soket: lamba 14 ga Toyota, 17 ga Honda, 19 ga Golf. Abin kwance filta, mai sarƙa ko mai bel. Jak, da ƙafafun ƙarfe biyu da ake ɗora mota a kai. Roba mai faɗi wadda za ta ɗauki lita 6 ko fiye, mazurari, tsummoki, kwali na shimfiɗawa, safar hannu, tocila, da tsohuwar jarka mai murfi.

Gargaɗi: sifana mai buɗaɗɗen baki da filaya suna cinye kan noti. Sau ɗaya sifanar za ta zame, kusurwoyin su mutu, aikin minti biyu ya koma neman mai walda.

Wasu Corolla daga 2009 da wasu Toyota na bayansu filtarsu takarda ce zalla da ake sakawa cikin wani kofi. Kofin yana buƙatar soket nasa na musamman mai faɗin milimita 64. In irinta ce motarka, nemo shi kafin ka fara.

4. Ɗumama inji, zaɓi wuri

Tayar da mota minti biyar, ko ka zaga layi ka dawo. Mai ɗumi ya fi gudu, kuma yana fitowa da dattin da ya kwanta. In daga doguwar tafiya ka dawo, ka ce daga Jos ko Gombe, bar ta ta huce rabin awa zuwa awa ɗaya. Man da ke cikin inji mai aiki yana kai zafin tafasasshen ruwa, kuma ba ya barin fata da wuri kamar ruwa.

Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, daɓen siminti ya fi. Yashi da ƙasar da ta sha ruwan damina suna nutsar da jak. Ja birkin hannu, sa giya a P, ko giya ɗaya in mai kulochi ce, ka tare tayoyin baya da dutse ko gungume. Cire makulli ka sa a aljihu. Gidan da akwai yara, wannan ba wasa ba ne.

5. Ɗaga mota

A bayan tayar gaba, ƙarƙashin ƙofa, akwai wani ƙarfe mai 'yan tsagogi biyu. Nan ne mazaunin jak. Ɗaga, ka cusa ƙafar ƙarfe a wuri mai ƙarfi kusa da shi, ka sauke motar a hankali ta zauna a kanta. Yi haka a ɗaya gefen. Sannan ka kama motar ka girgiza ta da ƙarfi. In za ta faɗi, gara ta faɗi kana tsaye.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, ko na minti ɗaya. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne. Bulon siminti ma ba abin yarda ba ne, kowa ya san yadda ake buga bulo a garin nan, yashi ya fi siminti yawa, yana rugujewa ba sallama. Ni ko da na ɗora a ƙafar ƙarfe sai na tura safayar taya a ƙarƙashi, saboda tsaro.

In ba ka da waɗannan kayan, je wajen wankin mota mai gadar siminti da sassafe kafin layi ya taru, ka ba yaran wani abu su bar ka ka hau. Aikin ma ya fi daɗi a can, a tsugune za ka yi maimakon a kwance.

6. Tsiyaye tsohon mai

Fara buɗe murfin sama ka zaro gejin mai, wato sandar auna mai, don iska ta shiga man ya sauka da sauri. Akwai wata hikimar kuma: in murfin sama ya ƙi buɗuwa, gara ka sani tun man yana ciki.

Shiga ƙasa da tocila. Kaskon da mai ke taruwa a gindin inji, wanda kanikawa ke kira botom filet, yana da noti guda a gefensa ko a ƙasansa. Shi za ka kwance.

Gargaɗi: giya ma tana da nata kaskon da nata notin, kusa da juna suke. Na inji yana ɓangaren da fanbel yake. In ka kwance ka ga mai ja ko mai ruwan zoɓo yana fita, man giya ne, maza mayar da noti. An sha yin wannan kuskuren: mutum ya zubar da man giya, ya ƙara lita 4 a kan man inji da bai fita ba, ya kashe abu biyu a tafiya ɗaya.

Ana kwancewa ne saɓanin tafiyar hannun agogo, idan kana fuskantar kan notin. A kwance kai yakan juye, sai mutum ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Tsaya ka yi tunani kafin ka sa ƙarfi. Da ya saki, ajiye sifana ka ci gaba da yatsu, kana danna notin ciki har zaren ya ƙare, sannan ka fizge hannunka gefe. Man ba ya sauka tsaye da farko, yana yin tsalle gaba kamar taku ɗaya, don haka ka ajiye robar ta inda zai faɗa, kana matso da ita yayin da ƙarfinsa ke raguwa. Ba shi minti goma zuwa sha biyar, har ya koma ɗigo.

Kana jira, haska man da tocila. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. In ya yi kalar shayi mai madara, ruwa yana shiga cikinsa, galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. In ka ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ƙarafan ciki suna cin juna. In yana warin fetur sosai kuma ya tsinke, a duba nozil masu fesa fetur. Duk ukun sun wuce aikin Asabar, a kai wa bakanike.

7. Filta

Matsar da roba ƙarƙashinta, don tana riƙe da mai. Kwance da abin kwancewa, ka ƙarasa da hannu. Yanzu dubi bakin tsohuwar filtar. Robar zoben tana nan? In babu, ta manne a jikin inji, sa yatsa ka ɓanɓaro ta.

Wannan na koya da tsada. Karona na biyu ne, ina sauri don in kai iyali biki Dass. Na ɗaura sabuwa a kan tsohuwar roba ban sani ba. Ina tayar da mota sai na ji ƙanena yana dukan gilashi: "Yaya, kashe! Kashe!" Kafin in juya makulli, fiye da rabin sabon man ya malale a tsakar gida, ya bi daɓe har gindin bishiyar mangwaro. Roba biyu ba sa riƙe matsi. Da a kan hanya abin ya faru, da injin ne ya tafi. Ranar da tasi aka je bikin, ni kuma na yini da toka da tsintsiya.

Goge mazaunin filta da tsumma mai tsabta. Tsoma yatsa a sabon mai ka shafe robar sabuwar filta. Ɗaura da hannu har ka ji robar ta taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Shi ke nan. Abin kwance filta na kwancewa ne, ba na ɗaurewa ba. Mai kofi kuwa, canza takardar tare da robobin da suka zo a kwalinta, kuma kada ka matse kofin, yana tsagewa.

8. Mayar da noti

Goge notin, cire tsohuwar washa. Wani lokaci takan lafe a jikin kaskon kamar ba ta nan, sa farce ka duba. Sa sabuwa. Fara ɗaurawa da yatsu zagaye uku ko huɗu. In ya yi tauri tun farko, ya hau a karkace, kwance ka sake. Kada ka tilasta shi da sifana.

Toyota ta ƙayyade wa wannan notin ƙarfin Nm 37, ga mai sifanar awo. Ga wanda ba shi da ita: ɗaure da hannu ɗaya har ya zauna daram, ka ƙara ɗan ja kaɗan na washa ta kwanta. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yaron shago ya zura bututu a sifana zai hau da ƙafa. Na ce, "Kai samari, taya kake ɗaurewa?" Ya ce, "Oga, don kada ya yi yoyo ne." Abin da ke hana yoyo washa ce, ba ƙarfin damtse ba. Matsewar banza tana cinye zaren kaskon, musamman na alminiyam irin na Honda, daga nan sai a koma naɗa wa noti zare da leda, ko a sayi wani kaskon.

9. Zuba sabon mai

Kafin ka ɗauki galan, tambayi kanka da baki: noti ya koma? Filta ta koma? Sai ka sauke motar ƙasa, don gejin ba ya faɗin gaskiya a karkace.

Sa mazurari, ka zuba lita uku da rabi. Jira minti uku. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama, tsakaninsu lita ɗaya ne ko fiye kaɗan. Ƙara a hankali har ya kusa ta sama. Rufe murfi.

Gargaɗi: wuce alamar sama ba ƙarin alheri ba ne. Karanshaf, sandar da ke juyawa a gindin inji, yana bugun man ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta shafa ƙarfe, ga matsin da ke fasa sil a fara yoyo. In ka zarce da yawa, sassauta noti ka rage.

Kada ka bari kowa ya ba ka shawarar wanke cikin inji da kalanzir ko dizal kafin zuba sabo. Ragowarsu tana tsinka sabon man, kuma dattin da suka ɓanɓaro yana toshe rariyar famfon mai. Gwangwanin nan mai kauri kamar zuma da ake cewa a ƙara ma ba ka buƙatarsa, mai na kirki ya zo da sinadaransa.

10. Tayar, ka duba

Tayar ba tare da taka totur ba. Idonka a kan jar fitilar nan mai kama da buta. Za ta tsaya daƙiƙa biyu ko uku kafin filta ta cika, sannan ta mutu. In ta kai daƙiƙa goma tana ci, kashe inji nan take. Bar motar ta yi aiki minti biyu, ka durƙusa da tocila ka dubi noti da gindin filta. Ɗigo ɗaya ma kada ka yarda da shi. Kashe, jira minti biyar, sake auna geji. Zai ɗan sauka saboda abin da filta ta sha, sai ka cike.

Daren nan ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin inji. Da safe shi zai ba ka labari.

11. Filtar iska, tunda bonet a buɗe yake

Ɓalle maƙallan akwatinta ka zaro ta, ka ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsawa, canza. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu tana cika ta kafin lokacinta, haka ma in kana yawan bin hanyar ƙauye. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa ko fetur. In za ka kai wa mai faci ya hura mata iska, ya hura daga ɓangaren da ke da tsabta kuma daga nesa, don iska mai ƙarfi tana huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji.

12. Rubuta, sannan ka san inda za ka kai tsohon man

Rubuta kwanan wata, lambar da mita ta nuna, da sunan man a ɗan littafi ka bar shi a mota. Da zafinmu da ƙurarmu da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne ma'aunin da nake bi. Lura da mitarka: motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil 3,000 ya kai kusan kilomita 4,800. Mutane da yawa suna jiran 5,000 a mitar mil, alhali sun riga sun yi kilomita 8,000.

In fitilar MAINT REQD ta kama a Toyota, tunatarwa ce kawai. Kunna makulli, sa mita a ODO, a wasu samfuran a Trip A, kashe, danne maɓallin mitar ka riƙe, sake kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, har lambobin su koma sifili.

Tsohon man ka juye a jarka ka rufe, ka kife tsohuwar filta a roba ta tsane. Kada ka zuba a kwata, ko masai, ko bayan katanga, don yana bin ƙasa ya sami rijiya, kuma unguwanni da yawa a Bauchi da rijiya da burtsatse suke sha. Kada a shafa wa akuya ko kare da sunan maganin ƙaiƙayi, guba ne. Masu buga bulo da masu injin yankan katako suna nemansa, wasu garejin ma suna tarawa su sayar. Jarkar ta zauna inda yaro ba zai kai ba kafin ka kai musu. Hannunka kuma ka wanke da sabulu ko omo da ruwan ɗumi, ba da fetur ba.